Ranar da Aka Tuhumi Motata da Shan Giya

Daren jiya na yi wani irin mafarki, kuma har yanzu da nake ba ku labarin nan bakina ɗaci yake yi.

Bari in fara gaya muku ko ni wane ne, don kada ku yi mini irin fahimtar da aka yi mini a can. Sunana Sallau, tasi nake ja. Motata ta kwana biyu a duniya, Tsohuwa ma nake kiranta, kuma tun daminar bara sitatarta ta mutu. In ka murɗa makulli sai ta ce ƙyas, ta yi shiru. Duk direban da ya taɓa shiga wannan hali ya san maganinsa. Ka nemi gangare ka kwantar da mota a kai, da safe ka saki birki, in ta ɗauki gudu ka saki kuloci, sai ta tashi. To unguwarmu shimfiɗe take kamar faranti. Gangare ɗaya tak Allah ya ba mu, shi ma a ƙofar mashayar Mama Rifkatu yake. Ni ban taɓa kai kwalba bakina ba, ita ta sani, kowa ya sani. Na je na roƙe ta, ta ce in riƙa ajiyewa, ai ƙasa ta Allah ce.

Sai maganar lamba. A jikin ƙofar kowace tasi akwai lambar da ƙaramar hukuma ke rubutawa da fenti, ita ce lasisinka da ake hangowa daga nesa. In babu ita ba ka shiga tasha, ba ka ɗaukar fasinja, kai da ɓarawon mota ɗaya kuke a idon ma'aikata. Da wannan lambar nake ciyar da matata Balaraba da yara.

A mafarkin, ga ni cikin Tsohuwa da hantsi, a wani gari mai kama da namu, sai dai ruwan sama daga ƙasa yake tasowa. Yana tsattsafowa daga kwalta yana hawa, mutane sun juya lemarsu ƙasa suna kare ƙafafu. Wannan bai dame ni ba, a can haka ake ruwa. Fasinjojina ne suka dame ni. Huɗu a baya, biyu a gaba, yadda aka saba, amma babu mai cewa uffan. Fasinjan da bai yi ƙorafin matsi ba, bai yi tsaki a kan tsadar kaya ba, ni ban yarda da shi ba. Duk sanda na duba madubi sai in ga sun zuba wa ƙeyata ido. Can sai na kusa da ni ya sunkuyo ya shinshina sitiyari, ya dubi na gefensa, suka gyaɗa wa juna kai.

Na ce, "Malam, lafiya?"

Ya ce, "Lafiya lau. Motar ta tashi lafiya?"

Ban so tambayar ba. Mutum ake tambaya ko ya tashi lafiya.

A shataletale wata hawainiya cikin kakin ƙaramar hukuma ta ɗaga mini hannu. Ita ce mai duba fentin tasi. Ba ta da wani kayan aiki, hawa mota kawai take yi ta kwanta. In ta rikiɗe ta zama rawaya, launin tasin garin, shi ke nan ka wuce. Ta hau bonet a hankali, ta ɓata mana lokaci son ranta, sannan ta kwanta. Ta fara zama rawaya daga wutsiya, har na soma murna, sai abin ya tsaya a tsakiyar baya. Ta koma ruwan ƙasa mai duhu, irin launin kwalbar giya. Idonta ɗaya na kallona, ɗayan na kallon fasinjoji.

Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da na san inda muka dosa. Sauka ta yi, ta sa farce a gefen lambar ƙofata, ta ɓare ta kamar filasta, ta naɗe ta soka a aljihu. Ta ce in same ta a sakatariya. Da na waiwaya in ba fasinjoji haƙuri, babu kowa a motar, kujerun ma har sun huce.

A ƙasa na tafi, don kwaltar garin ba ta ɗaukar motar da ba ta da lamba. Duk wanda na gamu da shi sai ya ce mini sannu da haƙuri, alhali ban gaya wa kowa komai ba. Na tsaya wurin wani mai shayi in ɗan jiƙa maƙogwaro. Kowa a teburin da kofin gilashi yake sha, ni sai ya miƙo mini na roba. Ya ce ba don komai ba ne. Da na tashi na ga ya kai kofin hanci, sannan ya ware shi gefe guda.

Ofishin lasisi ƙofa uku gare shi. An rubuta TASI a ta farko, BARASA a ta biyu, SHAGUNA a ta uku. Na yi bismilla na shiga ta tasi. Na ɗan taɓa tafiya cikin wani dogon lungu, sai ga ni ina fitowa ta ƙofar barasa, a gaban jama'a. Na koma da sauri na sake shiga ta tasi, na sake fitowa ta barasa. Wannan karon har da surukina a cikin masu kallo, riƙe da carbi. Ya dai ƙara saurin ja. Na haƙura na nemi benci na zauna.

Na kusa da ni a bencin wani tela ne, rungume da keken ɗinkinsa. Ya ce ana tuhumar keken da yin haya ba lasisi, tunda yana da feda kuma an gan shi yana juyawa. Gaba da shi wata bishiyar mangwaro ce ta zo da saiwoyinta, wai ta buɗe shagon inuwa ba tare da izini ba. Mangwaron ba ta da surutu. Telan ne ya cika tambaya. A ina kake kwana? Ita motar fa? Me ya hana ku kwana wuri ɗaya, ko saɓani kuka samu? Duk amsar da na bayar sai ya ciro tef daga wuya ya auna iskar da ke gaban bakina. Nan na sha jinin jikina, na kama bakina.

Sai na shiga laluben wanda ya kai ƙarata. Ko bakanikena ne, don na daina zuwa wurinsa. Ko 'yan kamashon tasha ne, da ba ma ga maciji da juna. Ko maƙwabcina mai a-kori-kura, wanda ya daɗe yana ƙyashin gangaren nan. Har Balaraba sai da na sa a layi, Allah ya yafe mini, don ta sha cewa na fi kula da motar a kanta.

Ba a kira sunana ba. Bencin ne ya tashi ya shiga da ni ciki.

Ciyaman ɗin kwamitin lasisi bunsuru ne, ƙato, da babbar riga da tabarau. Warinsa ya cika ɗakin har ido na yaji, amma shi ne gwanin shinshina na ƙaramar hukumar baki ɗaya, ba a ba kowa lasisi sai ya sa hanci. Hawainiya na zaune a gefensa. Lambata na shimfiɗe a kan tebur, ƙarƙashin kofatonsa. Tsohuwa kuwa tana tsakiyar ɗakin, ban san ta inda aka shigo da ita ba. Na dube ta, ta karkatar da fitilunta gefe. A nan na fara zarginta ita ma. Na matsa kusa na raɗa mata, ke ce? Ni da na sayar da akuyata na saya miki taya?

Ciyaman ya leƙo ta saman tabarau. "Akuyar wane gida?"

Na ce tsohon zance ne, ranka ya daɗe.

Ya gaishe ni gaisuwar mutunci. Ya tambayi iyalina da sunayensu ɗaya bayan ɗaya, har da na goye. Gaisuwar nan ta fi zagi tayar mini da hankali. Sannan ya ce rahoto ya iso gare su cewa motata na shan giya, kuma dokar ƙaramar hukuma ba ta yarda mashayi ya ɗauki fasinja ba.

Na yi dariya, ni kaɗai. Na ce ranka ya daɗe, mota ce fa. Ya ce ya sani, shi ya sa abin ya fi muni.

Ya tambayi inda take kwana, na ce ƙofar mashaya. Ya tambaya ko tana iya tashi da kanta da safe, na ce a'a, sai an gangarar da ita. In ta tashi tana tari? Tana yi. Tana tangaɗi a hanya? Na ce ai wannan ramuka ne, kuma hanyar ta ƙaramar hukuma ce. Hawainiya ta ce a lura, ya zagi hukuma. Na kwantar da murya na yi masa bayanin sitata tiryan-tiryan, na yi masa bayanin gangare. Ya saurara har da lumshe ido. Da na gama ya ce duk mashayin da aka kawo gabansa da irin wannan bayanin yake zuwa, kowa da gangarensa.

Aka ja layi da alli a ƙasa, aka ce Tsohuwa ta bi. To tun ran da na faɗa wani rami a hanyar kasuwa take jan hagu, ni na san yadda nake riƙe abata ba wanda ya gane. Yau ba ni a ciki. Ta fara da kyau, sai ta saki layin, ta je ta jingina da bango ta yi shaƙuwa. Kunya ta kama ni kamar 'yar cikina ce ta yi.

Ciyaman ya tattare riga ya sauko. Ya zagaya bayanta, ya sa hanci a salansa, inda hayaƙi ke fita, ya ja dogon numfashi.

"Wannan ba fetur zalla ba ne."

Gaskiyarsa. In layi ya yi tsawo a gidan mai, wurin 'yan bumburutu nake saye, masu sayarwa a bakin titi, su kuwa ba sa rasa ɗan gauraye da kananzir. Na faɗa masa haka.

"A cikin me suke zuba mata?"

Na yi kamar ban ji ba.

"Malam Sallau, a cikin me?"

"Kwalba, ranka ya daɗe."

Har mangwaron da ke leƙe ta taga sai da ta girgiza ganye.

Ya koma kujerarsa ya ce shi ba mugu ba ne, kuma dokarsu akwai sassauci a cikinta. Ba a hukunta mai sha in an samu mai zubawa. In na nuna ba da sanina ake ɗura wa motar ba, na kuma faɗi wanda ke yi, yanzun nan za a mayar mini da lambata. Da sauri na ce to ai 'yan bumburutun ne. Ya girgiza kai. Ya ce waɗannan ba su da lasisi, saboda haka a wurin hukuma babu su, kuma ba a kama wanda babu shi. Mai lasisi kaɗai ake iya kamawa.

Sai ga Mama Rifkatu ta shigo.

Lasisinta ta kawo, wanda ke rataye cikin gilashi a bangon mashaya. Da yake ƙusar ta ƙi fita, da ɓangaren bangon ta taho, a ka. Mace ce mai bin doka har abin ya yi yawa. Duk shekara ita ce kan gaba wajen sabuntawa, ba ta sayar wa yaro, ba ta wuce lokacin rufewa ko da gidan cike yake. Tun rasuwar mijinta da wannan gidan take riƙe 'ya'yanta a makaranta. Ta sauke bangon, ta durƙusa ta gai da Ciyaman, sannan ta juyo ta ce, "Malam Sallau, ya mai jiki?" Motar take nufi.

Aka tambaye ta abin da ta sani. Ta ce mutumin nan ko ruwan randarta bai taɓa sha ba. Motarsa kuwa baƙuwa ce a ƙofarta, ba ta taɓa ba ta komai ba sai wurin kwana. Ta ce in akwai mai gaskiya ɗaya a unguwar, to ni ne. Wallahi da ta san yadda maganar nan ta yi mini nauyi, da ta rage.

Ciyaman ko kallonta bai yi ba. Ni yake kallo. Ya ɗaga lambata ya kai baki, ya gutsuri gefenta, ya shiga tauna a hankali. Ya ce shi ba ya gaggawa, yunwa ce dai ke damunsa. Ya ce lamba in ta shiga ciki ba ta dawowa, masu jiran sabuwa kuwa a benci suke furfura.

Na ji tsoro, ba zan ɓoye muku ba. Na hango Balaraba tsaye gaban murhu babu abin ɗorawa. Na hango kaina a bakin tasha, hannu a ƙugu, ina kallon wasu na lodi. Sai wani tunani ya fara shigo mini. Wa ya sani ma? Ni ina gida ina barci, Mama Rifkatu tana can ita da kwalabe da motata. Me ya sa ta yarda in riƙa ajiyewa haka kawai? Wa ke alheri ba dalili a wannan zamani? Ko ma ita ce ta kai rahoton, ta zo nan tana yabona don ta rufa wa kanta asiri? Kafin ya haɗiye lomar farko na gina mata laifi tun daga tushe har rufi, ni da na san babu ko ɗaya. Ya sake gutsura.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni dai da dare barci nake yi. Abin da ake ba ta a ƙofar gidan nan, ban sani ba."

Ban yi ƙarya ba fa, ku duba maganar da kyau. Haka na yi ta gaya wa kaina.

Ciyaman ya ajiye lambar, ya goge gemu. "Ya isa."

Mama Rifkatu ta juyo. Ta dube ni irin kallon da ake yi wa mutum in ana ƙoƙarin tuna inda aka san shi.

Sai ga mu a ƙofar mashaya, rana tsaka, ruwan ya gama hawa ya ɗauke. Ma'aikatan hukuma, wasu jakuna cikin kaki, suka ja ƙofar suka datse da kwaɗo. Aka ciro lasisin daga gilashi, Ciyaman ya cinye shi a tsaye. Hawainiya ta manna mini lambata a ƙofa, inda aka gutsura ya cike, har wani sheƙi take yi. Ta hau bonet ta zama rawaya tas tun daga hanci har wutsiya. Ta ce an wanke ni, motar ma an yi mata afuwa tunda yaudararta aka yi.

Na shiga na zauna. Fasinjojina suka dawo, wannan karon har suna ƙorafin matsi, na ji daɗi har cikin raina. Ina gyara madubi sai na ga jakunan sun sauka ƙasan gangaren, sun kama bakinsa, suna naɗe shi kamar tabarma. Na leƙo ta taga na ce kai, me kuke yi haka? Hawainiya ta ce gangaren cikin harabar mashaya yake, kuma duk abin da ke harabar an ƙwace, za a ajiye shi a sito a matsayin shaida. Suka naɗe shi tsaf, suka zare shi daga ƙarƙashin tayoyina, suka ɗaure da igiya suka tafi da shi. Ƙasa ta kwanta daidai wa daida.

Na saki birki. Tsohuwa ko motsi. Na murɗa makulli, ta ce ƙyas.

Na roƙi fasinjoji su sauka su ɗan taimaka, suka ce su fasinja ne, turi sai mai lasisin turi. Mutanen unguwa na tsaye a kewaye da mu, kowa hannu a aljihu. Telan nan na cikinsu, yana auna ni daga nesa. Duk wanda na kira da sunansa sai ya ɗaga kai ya dubi sama. Ga lamba sabuwa fil a ƙofa, ga mota cike da mutane, ga ni zaune riƙe da sitiyari.

A madubi na hango Mama Rifkatu ta fito ta bayan gida, ƙullin kayanta a ka, 'ya'yanta na biye da ita cikin kayan makaranta. Barin unguwar za su yi. Na sunkuyar da kai don kada mu haɗa ido. Ta zo daidai bayan motar ta tsaya. Na ce yau zan sha zagi, kuma wallahi zagin nake so. Ta sauke ƙullin a ƙasa. Ta gyara ɗaurin zani. Ta ɗora tafukanta biyu a kan but, ta ƙwanƙwasa, yadda masu turi ke yi in suna son direba ya shirya.

Ƙafata ta ƙi taka kuloci. Ta sake ƙwanƙwasawa.

Bugun nan ne ya tashe ni. Ƙofar gidanmu ta kwano ake bugawa, gari ya riga ya waye, indararo na ɗiga. Na ji Balaraba ta ja takalmi ta je ta buɗe. Daga inda nake kwance ina jin muryar Mama Rifkatu. Ta ce an kwana ana ruwa, ta san gangare kaɗai ba zai ta da motar ba yau. In Malam zai fita, ya zo yanzu ta kama masa turi kafin ta ɗora tukunya.

Balaraba ta leƙo ɗaki ta kira sunana. Na ja bargo na rufe fuskata, na yi kamar ban farka ba.